Yadda Na Kawo Teku Sharaɗa

Kimiyyar siyasa na karanta. Ina so mai karatu ya riƙe wannan tun yanzu, kafin ya yanke mini hukunci. Sunan Injiniya da ake kira na da shi a masana'antar Baffana ta Sharaɗa, inda muke buga bokitai da butoci da robobin wanki, ya samo asali ne ranar da WhatsApp ya ɓace daga fuskar wayarsa na nemo masa shi. Tun daga ranar, duk abin da ke da waya ko bututu ko takardar bayani da Turanci, a teburina ake dire shi.

Saboda haka da Baffa ya dawo daga Dubai ya aika a kira ni, na ɗauka sabuwar waya ya sayo yana so a kwashe masa lambobi. Na shiga na durƙusa na yi masa barka da sauka. Bai gama amsawa ba ya miƙo mini tsohuwar wayar. Hoton bidiyo ne: bango guda na gilashi, tsayinsa kamar bene, kifaye na ta kai-kawo a bayansa, wasu faffaɗa kamar tabarma, ga muryar Baffa daga gefe yana ta “Ikon Allah! Ikon Allah!”

“Ka gani?”

“Na gani, Baffa.”

“To irinsa nake so. Nan ofishina, jikin bangon can.”

Ofishin Baffa a hawa na sama yake.

Daren nan ban yi barci ba, ina neman hujjar da zan kashe maganar. Na gano wanda ya gani ɗin na cikin katafaren kantin nan ne na Dubai Mall, an buɗe shi a 2008, yana cin ruwa lita miliyan 10, kaurin bangonsa santimita 75, kuma duk da haka sai da ya yi yoyo a watan Fabrairun 2010 aka kwashe mutane daga wajen. Na kuma samo na wani otal a birnin Balin na Jamus, wanda ya tarwatse da asuba a watan Disambar 2022, ruwa lita miliyan ɗaya ya yi waje da kujeru har bakin titi, kifi kusan 1,500 suka halaka. Da safe na jera wa Baffa waɗannan duka, ina jin kaina kamar lauya. Ya saurara har na kai aya, sannan ya ce, “To ai ka ga ka san kan abin. Shi ya sa na ce a kira ka.”

Da ƙyar da jiɓin goshi aka sauko da Dubai zuwa tsawon mita uku, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya. Ruwa lita 3,000 ke nan, wato jarka 120 irin ta 'yan garuwa. Kowace lita kilo guda ce, ta teku ma ta ɗan ɗara. In aka haɗa da gilashi da yashi da duwatsu, abin ya doshi tan huɗu. Ni na faɗa da lissafi Baffa bai ji ba. Sai da birkilan da ya zuba dakin ɗin benen ya cire hula ya ce, “Ranka ya daɗe, kamar a ɗora Hilux biyu ne a kan dakin ɗin da kake sallar walha a ƙarƙashinsa,” sannan aka amince teku ta zauna a ƙasa, a wurin karɓar baƙi.

Sai gishiri. Ruwan teku na da kusan giram 35 a kowace lita, saboda haka muna neman kilo 105. Baffa ya yi dariya ya ce in gishiri ne matsalar to an gama, ya ɗaga waya ya kira wani amininsa mai kamfanin jima a Challawa. Kafin la'asar ga buhu uku an sauke, irin wanda ake barbaɗa wa ɗanyar fata don kada ta ruɓe, launinsa kamar ƙasar shuri. Baba mai gadi, mutumin Agadas ne da rawaninsa da 'yar butar shayinsa, ya ɗanɗana ya tofar, ya ce in gishirin kirki ake so a bari ya aika a kawo kantu daga Bilma. Mai dafa wa ma'aikata abinci kuma ta ce ita ba ta ga abin da gishirin miya ya yi ba. Duk cikinsu babu wanda zai yi. Gishirin da muka sani wajen kashi 85 cikin ɗari ne kawai na abin da ke narke a teku. Ragowar su maganiziyam ne da kalsiyam da fotasiyam da sauran tarkace, kuma su ne rayuwar halittun cikinta. Dole aka yi odar haɗaɗɗen gishiri daga Legas, a cikin bokitan roba. Mu da ke buga bokiti dubu a wuni, sai ga mu muna biyan kuɗin mota a kawo mana bokiti daga kilomita dubu. Akanta ya daɗe yana kallon rasiɗin nan bai ce komai ba.

Ruwan ma ba kowane ba. Na famfo akwai kulorin, na burtsatsenmu kuwa, a unguwar da aka shekara hamsin ana jima da rini, ban yarda in ba baƙon kifi ba. Wurin maƙwabtanmu masu fiya wata muka saya, wanda ya bi ta injinsu mai matse ruwa ta cikin tankaɗe har ya fito ba komai a cikinsa.

Falamban da aka kawo dattijo ne daga Fagge, ya fi shekara talatin yana haɗa bututu a gidajen Nasarawa da masana'antun Bompai. Na zaunar da shi na kunna masa YouTube ina fassarawa. Tsarin dai ga shi: ba a barin ruwan ya kwanta. Yana cika ya tumbatsa ta wani kwararo da ke can sama, ya gangara ta bututu zuwa wani ƙaramin tanki da ke ɓoye a ƙasa cikin kabad, wanda ma'aikata suka laƙaba wa suna rijiya. A can ake tace shi, sannan injin ya sake tunkuɗa shi sama ta wani bututun. Haka zai yi ta zagayawa dare da rana. Tamu rijiyar lita 500 take ci, kuma in ana aiki ruwan cikinta 350 ne.

Washegari ya zo da kaya daga Ƙofar Ruwa, har da makunnai na tagulla masu sheƙi, ya ce gidan Alhaji ai sai mai kyau. Na ce a mayar. Ruwan gishiri yana cin ƙarfe, tagulla kuma in ta narke ko kaɗan ce guba ce ga jatan lande da murjani. A nan ne ma na gano wa kaina cewa murjanin da iyayenmu mata ke ɗaurawa a wuya dabba ce ta gina shi a ƙarƙashin teku. Na gaya wa Hajiya, ta ce in daina yi mata wasa da kayan gado. Mai shagon da muka mayar wa tagulla muka karɓi na roba ya bi mu da kallo, na tabbata a ransa ya ce karayar arziki ta zo wa Alhaji.

Da aka zo ɗaura bututun da ke mayar da ruwa sama, dattijon ya tsayar da bakinsa dab da saman ruwa. Ni kuwa na ga ya ɓata ado, kowa ya shigo sai ya ga farin fayif. Na ce ya ƙara masa tsawo ya nutsa kamar santimita 20, ya ɓuya a bayan duwatsu. Ya dube ni, ya dubi bututun.

“Injiniya, in an ɗauke wuta fa?”

“Akwai janareta, Malam.”

“To.”

Duk wanda ya tashi a Kano ya san “to” kala-kala ce. Akwai ta yarda, akwai ta sallama, akwai kuma wadda dattijo ke yi wa yaro in ya ga zai taɓa garwashi. Ni a lokacin ta farko na ji.

Ya kuma roƙi a bar shi ya fasa tayil ɗaya ya sa rariya a ƙasa, ya ja ta zuwa waje, ko da tsautsayi. Wannan karon Baffa ne ya hana. Ya ce tayil ɗin daga Sifen aka kawo, kuma shi bai taɓa ganin wurin karɓar baƙi da rariya kamar makewayi ba. Dattijon ya sake cewa “to”.

Aka cika, aka kunna, ruwa ya zagaya. Sai dai bututun gangarar yana haɗiyar ruwa da iska tare, yana wani irin ƙara, ƙwal-ƙwal-ƙwal, sannan ya ja dogon numfashi ya yi gyatsa. Ranar da mutanen banki suka zo maganar rance, duk sanda manajansu ya buɗe baki zai ambaci kuɗin ruwa sai teku ta yi gyatsa. Baba mai gadi ya daina kwana ta wannan ɓangaren. Maganin ashe ɗan abu ne: a juya bakin bututun ya kalli ƙasa cikin ruwa, a huda masa ƙaramar kafar shan iska a ƙeya, dabarar wani Ba'amurke da ake kira Durso. Muka yi, aka samu lafiya. Na fara tafiya ina ɗaga kafaɗa.

Kifi kuma ba a saka shi nan take. Sai an jira wajen mako shida wasu ƙwayoyin halitta sun yaɗu a jikin duwatsu, su ne za su riƙa cinye gubar da ke fita daga kashin kifin. Baffa bai iya jira ba. Kullum sai ya kawo baƙi su tsaya gaban ruwa da duwatsu, yana cewa, “Kifayen suna hanya.” Su kuma su ce, “Ma sha Allah, Alhaji, ai ko haka ma ya yi.”

Ranar wata Juma'a ya ce bayan an sauko zai zo da abokansa su biyar, ciki har da mai jimar nan na Challawa. Ana sallamewa ban tsaya gaisawa ba, na tari Adaidaita Sahu na riga su dawowa don in goge gilashi. Ina sanye da sabuwar shadda fara, ɗinkin da ban gama biya ba.

Tun daga bakin ƙofa na ji shiru ya yi yawa. An ɗauke wuta, mai kula da janareta kuma yana masallaci kamar kowane Musulmi. Na tura ƙofar gilashi, sai na ji takalmina ya ce caɓal.

Ruwa ne ke fitowa ta ƙarƙashin kabad, ba da gudu ba, a natse, kamar wanda ya san inda za shi. Na ɗaga kai na ga teku ta sauka da kusan taƙi guda, tana kuma ci gaba da sauka. Na fara duba gilashi ina neman tsaga, ina tuna Jamus. Babu. Na buɗe kabad na tarar rijiya ta cika ta tumbatsa ta kowane gefe. Injin a kashe yake, amma ruwa na bulbulowa ta cikinsa, ta bututun da aikinsa kai ruwa sama ne. Na tsaya ina kallon bututu yana aiki da baya. Na laluba na kama wani makunni na murɗe iya ƙarfina. Na gangara ne, wanda ko ɗigo ba ya bi a lokacin.

Da ma birkila ya ɗan karkata daɓen wurin, ba da niyya ba, kuma babu wanda ya taɓa lura sai ranar. Ruwan bai nufi ƙofar fita ba. Ya bi ta gaban teburin sakatariya, ya sha kwana kamar an yi masa kwatance, ya shige ta ƙarƙashin ƙofar akanta. Akantanmu mutum ne da bai yarda da kwamfuta ba. Rasiɗan shekara tara yana ajiye da su cikin kwalayen taliya, a jere a ƙasa.

Ina cikin wannan sai na ji muryar mai janareta a tsakar gida ya dawo. A daidai lokacin idona ya faɗa kan doguwar soket ɗin da na ja da hannuna na ajiye a ƙasa bayan kabad, mai baki shida, tana kwance cikin ruwa. Abu ɗaya da na riƙe daga karatun sakandare shi ne ruwan gishiri ya fi kowane ruwa ɗaukar lantarki. Na yi tsalle ɗaya na haye teburin sakatariya, na tattare shadda, na ƙwalla ihu ta taga: “Kar ka tayar! Kar ka tayar!” Shi kuwa kalmar ƙarshe kaɗai ta isa kunnensa. Ya amsa da ladabi, “Yanzu kuwa, Injiniya!”

Ƙarar da ta biyo baya har masu shayin bakin titi sun ji. Wani shuɗin haske ya fito daga bayan kabad, babban makashin wuta na masana'anta ya faɗi, wari ya tashi kamar an babbaka taya. Sannan teku ta kai daidai bakin bututun nan nawa na bayan duwatsu, ta ja wata doguwar zuƙa irin ta mai shan fura da ludayi ya kai ƙarshen ƙwarya, ta tsaya cak.

A haka Baffa ya shigo da baƙinsa: ɗan ƙaninsa a tsaye kan tebur, riga a tattare har cinya, hula a karkace, hayaƙi na tashi, takardar rasiɗi ɗaya ta fito daga ofishin akanta tana yawo a kan ruwa. Babu wanda ya yi magana. Can sai mai jimar Challawa ya sunkuya ya tsoma yatsa ya ɗanɗana, ya ce, “Alhaji, ai da nawa gishirin ka sa, da asarar ba ta kai haka ba.”

Alherin da ke cikin masifar shi ne ba mu rasa abin kwasa ba. Aka buɗe sito aka fito da sababbin bokitai da robobi, ma'aikata ashirin suka yi layi. Daga baya akanta ya rubuta bokitan nan talatin da biyu a matsayin waɗanda aka yi amfani da su, ya cire daga albashina, kuma ban ga laifinsa ba. Mako biyu yana shanya rasiɗai a kan rufin mota, kowanne ya bushe da farin gishiri a gefe kamar kilishi.

Direban Baffa ne ya warware mini abin da ya faru, muna zaune a kan dakali ina matse shadda.

“Injiniya, ba ka taɓa zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo ba?”

Na ce ban taɓa ba.

“Shi ya sa. Ai sau ɗaya ake zuƙa. In dai bakin tiyon na cikin mai, jarka kuma tana ƙasa, shi zai yi ta zuwa da kansa har sai bakin ya sha iska. To bututunka cike yake da ruwa, inji ya tsaya, rijiya tana ƙasa. Wa zai hana shi?”

Na ɗauki biro na buga. Fuskar ruwan mita uku ce sau ɗaya, saboda haka kowane santimita na zurfi lita 30 ne. Santimita 20 ɗin da na ƙara don ado lita 600 ke nan. Rijiya tana da sararin 150 kacal. Saura 450, jarka goma sha takwas, su ne suka je gaishe da akanta. Lissafin da bai fi minti ɗaya ba, da na yi shi wata guda kafin ranar.

Aka aika aka ɗauko dattijon Fagge. Bai ce ai na faɗa ba, wanda ya fi ciwo. Ya buɗe jakarsa ya ɗauko abin huji, ya huda bututun nan ƙaramar kafa wadda ba ta fi ƙwayar dawa ba, ɗan ƙasa kaɗan da saman ruwa. Ya ce a kashe inji. Ruwa ya sauka yatsa ɗaya, kafar ta sha iska, ta ce fyut, komai ya tsaya. Na ce ko a ƙara da makunnin nan mai hana ruwa komawa baya. Ya ce a sa in ana so, amma ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana shi rufewa, kuma ba zai gaya maka ba sai ranar da ka buƙace shi. Sannan ya waiwaya wajen Baffa ya ce, “Ranka ya daɗe, maganar rariyar nan.” Baffa ya kalli tayil ɗinsa na Sifen, ya kalli ƙofar akanta, ya ce a fasa. Aka ɗaga soket aka kafe ta a bango sama da kai.

Kifayen sun iso ta filin jirgin Malam Aminu Kano cikin ledoji masu iska, a kwalin soso. Asalinsu daga tekun Indiya da na Fasifik suke, irin masu ruwan lemo da farin ratsi da yara suka sani a fim ɗin Nemo. Baffa ya sa tabarau ya leƙa leda. Babban cikinsu bai kai ɗan yatsa ba, kuɗinsa kuwa ya sayi tunkiya. Ya ce, “Su ke nan? Ina masu kama da tabarmar?” Mai abinci ta ce ko miyar mutum ɗaya ba za su yi ba. Aka kuma sayo injin sanyaya ruwa, don su digiri 25 zuwa 26 suke so, garin da zafin Afrilu ke kai 40.

Hunturu na shigowa ruwa ya fara raguwa, kusan jarka guda kullum. Na duba ko'ina babu yoyo, iska ce ke sha. Ni kuma da na zama ƙwararre, kowace safiya sai in dama jarka guda da gishirinta daidai awo, giram 35 a lita, in zuba. Mako uku ina wannan hidima. Jatan lande biyu da muka saya suka riga mu gidan gaskiya, kifaye suka koma lungu suna haki. Ma'aunin da ya kamata ya nuna 1.025 ya nuna 1.030. Na ce ma'aunin ne ya lalace.

Baba mai gadi ya daɗe yana kallona daga kan tabarmarsa. Ran nan ya kira ni ya zuba mini shayi a ɗan kofi, ya ce, “Yaro, kullum ina ganin kana ba ruwan nan gishiri. Wa ya gaya maka ya rasa?” Na ce ai raguwa yake. Ya ce mahaifinsa ya yi shekaru yana bin ayarin raƙuma zuwa Bilma, kuma can ba dafa gishiri ake yi ba. Ramuka ne ake barin ruwa a ciki, rana ta ɗauke ruwan ta bar gishirin. “Ruwa ne ke tafiya. Gishiri ba ya zuwa ko'ina. Kai kuma kana ta ƙara masa 'yan'uwa.”

Na sake ɗaukar biro. Na ƙara wa teku wajen kilo 18, ta kai giram 40 a lita, daidai da Bahar Maliya, wadda ke cikin tekunan da suka fi gishiri a duniya saboda ita ma rana ce ke shanye ta. Na je na gaya wa Baffa cikin rawar murya. Ya ce, “Wadda ke Jidda? To ai ta fi albarka.”

Gyaran shi ne a riƙa ɗebe ruwan kaɗan-kaɗan ana maye gurbinsa da marar gishiri. Yanzu kuma ga rariya, sai na ji daɗi, na sa tiyo na sake shi. Abin da ban tambaya ba shi ne ina rariyar take fita. Ashe dattijon ya ja ta zuwa 'yar kwatar bayan ɗakin gadi, kwatar kuma a fashe take daidai inda Baba ya yi ɗan lambunsa: na'ana'ar shayi, da yakuwa, da barkono tushe huɗu. Kwana uku ganyen suka yi kamar an watsa musu tafasasshen ruwa. Mutumin da ya ceci kifayena, na'ana'arsa na fara kashewa. Bai yi faɗa ba. Ya dai daina zuba mini shayi, wanda a wurinsa ya fi a kai mutum kotu.

Ranar na bi kwatar nan da ƙafa don in ga ƙarshenta, abin da ban taɓa yi ba cikin shekarun da na yi a Sharaɗa. Ta fita ta ƙarƙashin katanga ta haɗu da ta maƙwabta, wata ja, wata shuɗiya, wata mai kumfa da warin jima. Duk rafin Salanta suke nufa, shi kuma ya kai wa kogin Challawa, wanda matatar ruwa ta Fanshekara ke bakinsa. Na Bompai kuma rafin Getsi ke kwashewa ya zuba a kogin Jakara, har madatsar Wasai ta wajen Minjibir, kuma a gaɓar nan mutane ke noman latas da alayyafo da kabejin da muke saya. Na tsaya a bakin lambatun ina tuna yadda muka shafe wata biyu muna shawarar ta inda ruwa zai shigo, daga wane inji, da wane gishiri, amma babu wanda ya tambayi inda zai je in ya gama aiki, in ban da dattijo ɗaya da aka ce masa tayil ɗin na Sifen ne. Jarkoki goma sha biyun da nake zubarwa kowane mako biyu ba komai ba ne a cikin wannan kogi mai launi bakwai. Sai dai ni na ga na'ana'ar da ruwana ya kashe, na kuma san mai ita.

Baba ne ya kawo mafita, bayan na sayo masa sabuwar ƙasa da irin na'ana'a da sukari kwali biyu. Ya sa birkila ya yi wani faffaɗan kwami na siminti marar zurfi a bayan sito, inda rana ke duka. Nan muke juye tsohon ruwa, rana ta ɗauke nata, mu share namu mu zuba a buhu. Da damina sai mu tara a tankin roba mu jira rani. Buhun farko da ya cika Baffa ya sa aka kai wa amininsa na Challawa, da saƙon cewa ga tukuicin buhu ukun nan.

Saura abu ɗaya da dattijon Fagge ya gaya mini a bakin ƙofa ranar da zai tafi. Kafar nan mai kamar ƙwayar dawa tana toshewa. Gansakuka na rufe ta, gishiri na daskarewa a bakinta, kuma in ta toshe to an koma gidan jiya. Saboda haka yanzu cikin ayyukana na ofis, ni mai digirin kimiyyar siyasa, akwai hawa kujera kowace Juma'a da hantsi in soka mata tsinken sakace sau uku. Akanta da kansa yake leƙowa ya tabbatar, ko da yake kwalayensa sun koma saman kanta.

Makon jiya liman yana tsakiyar huɗuba fankokin masallaci suka tsaya. Na sa hannu a aljihun gaba na shafa, na ji tsinken nan a bushe ƙayau. Na waiga sahun baya, sai muka haɗa ido da akanta.